Kwana uku a bakin ruwan Tiga da zauren da Baba ya bari

Mahaifinmu ya rasu a daminar bara, ya bar mana gida a Dawanau da gonaki biyu da kuma zaure. Na ware zauren daban ne domin shi ya hana mu barci. Gonaki an raba su yadda shari'a ta tsara, babu wanda ya ɗaga murya. Amma da aka zo kan zauren da ɗakuna ukun da ke jikinsa, inda Baba ya shafe fiye da shekara talatin yana saukar da fatake, sai ƙanena ya ce a rushe a gina sito. Ya zo da lissafinsa a rubuce a bayan wani tsohon rasidi. Kuɗin hayar sito ɗaya a kusa da kasuwa, a shekara guda, ya fi albashina na koyarwa na shekara biyu. Muna da ƙanne mata biyu da ba a aurar ba, ga mahaifiyarmu da maganin hawan jini kowane wata. Ban sami abin da zan ce masa ba, sai na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya.

Wanda ya san Dawanau a yau, da kasuwa ya san ta. Tun da aka kafa kasuwar hatsi a nan a 1985, a gefen hanyar Katsina, garin ya zama wurin da gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo ke kwana kafin su wuce Nijar da Chadi da Legas, wasu har ƙetaren teku. Kafin nan ƙauye ne a ƙasar Dawakin Tofa, irin ƙauyukan da suka kewaye birnin Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin ko taku ɗaya ya huta. Jakuna kan shiga birni da itace su fito da taki, da shi ake ciyar da ƙasar shekara da shekaru. Ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo muna da su, mutane kuwa sai dai a ce sun yi yawa. Abin da ba mu da shi shi ne ruwa mai faɗi. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya, sai na kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, wanda ke cika a watan Agusta ya ƙafe tun rani bai yi nisa ba.

Watakila shi ya sa da tunani ya cushe mini, sai zuciyata ta raya mini in je in zauna a gaban ruwa. Na gaya wa maiɗakina za ni Tiga in kwana uku. Ta ce, "Wa ya rasu?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To me za ka saro?" Na ce ba komai. Ta dube ni ta ci gaba da tankaɗenta. Wani abokina a majalisa ya ce mutanen wasu garuruwa in kansu ya juye Dawanau ake kawo su asibiti, ni da nake ɗan gari ina za a kai ni? Ban ga laifinsu ba. Bahaushe ya yi suna wajen tafiya, amma tafiyarsa tana da dalili: fatauci, neman ilimi, aikin Hajji, ci-rani, biki ko ta'aziyya. Wanda ya ɗauki kuɗinsa ya hau mota don ya je ya kalli ruwa, dole a tambayi lafiyarsa.

Na tashi da sassafe wata Alhamis a cikin Disamba, na shiga birni na hau motar hanyar Zariya. A lokacin gonakinmu na Dawanau sun koma kara da ƙura, amma daga Kura zuwa Kadawa ko'ina kore shar, ga tumatir ga albasa ga alkama, ruwa na gudu a magudanan siminti. Duk wannan albarkar Tiga ce. Gwamnan Jihar Kano na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa aka datse Kogin Kano. An fara aikin a 1971 aka kammala a 1974, daidai shekarun da fari ya cinye shanu da hatsi a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Tafkin da ya taru a bayan madatsar, in ya cika, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178, ruwan da yake ɗauka kuma ya kusa kubik mita biliyan 2. Waɗannan alƙaluma na sha rubuta wa ɗalibai su a allo, alhali ban taɓa zuwa na gani da idona ba.

Aljihuna bai kai na babban otal ba. Wani ɗan acaɓa ya ce ya san gidan wani dattijo da ke saukar da baƙi, ya ɗauke ni muka fita bayan gari, muka hau wani tudu. Ɗakuna huɗu ne na bulo da rufin kwano a jere, da rumfa a gabansu mai fuskantar ruwa, sai cikin gidan mai su a baya. Dattijon, mai kimanin shekara saba'in, yana zaune a tabarma yana gyaran wata tsohuwar rediyo.

"Sannu da zuwa, Malam. Daga ina?"

"Daga Dawanau, Baba."

"Hatsi ka kawo, ko kifi za ka saya?"

"Ruwa na zo kallo."

Na jira dariya, ba ta zo ba. Ya ce, "To ka zo daidai. Ga shi nan, ba inda za shi." Ya miƙe ya buɗe mini ɗaki. Gado ne da gidan sauro, da buta da sallaya, da bokitin ruwa, da fitila mai caji da hasken rana. A bayan ƙofa an manna takarda an rubuta kuɗin kwana da na abinci. Na biya na kwana uku, ya ƙirga a gabana ya sa a aljihu. A raina na ji wani abu ya ɗan sosa ni, domin ni dai a sanina, Baba bai taɓa miƙa hannu ya karɓi kuɗin kwana a wurin baƙo ba.

Bayan la'asar na fito rumfa na zauna. Hazo ya sauka, ba a ganin ɗaya gaɓar, ruwa da sama sun haɗe sun zama abu ɗaya fari fat. Kwalekwale biyu suna can nesa kamar an ɗiga tawada, a cikin ɗaya wani masunci ya miƙe tsaye ya jefa birgi, ta buɗe a iska ta faɗa ba ƙara. Zalɓe na tsaye a bakin gaɓa da ƙafa ɗaya, balbelu na komawa makwanci a jere. Daga ƙasan tudun ƙanshin bandar kifi yana tasowa. Na daɗe ina jin kamar wani abu ya ɓace mini, sai can na gane kunnena ne ke neman rurin tirela da ihun 'yan dako, waɗanda a Dawanau ba sa yankewa ko da tsakar dare. Wani yaro ya hau tudun ya ce in ina so zai zaga da ni a kwalekwale. Na tambaye shi rigar kariya daga nutsewa, ya ce babu. Na tuna jirgin da ya kife a ruwan Watari na Bagwai, nan kusa da mu, a ƙarshen Nuwamba na 2021, ya tafi da rayuka da dama, galibi yara 'yan makarantar Islamiyya. Na yi masa godiya na ce daga nan ma ina gani. Da dare aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, da karfasa biyu da ba su kai awa uku da barin ruwa ba.

Sau ɗaya tak na taɓa yin irin wannan zama a rayuwata, shi ma a ƙasar da ba tawa ba. Shekarun baya an tura mu wani kwas na malamai na 'yan makonni a birnin Gilasgo da ke Sukotland, a arewacin Birtaniya. Mutanen can suna kiran tafki da sunan "lok", kuma suna da su da yawa a tsakanin duwatsu. Wani ƙarshen mako na tafi Lok Lomond, wanda bai fi tafiyar awa ɗaya daga birnin ba, na sauka a wani ɗan gida a kan gangare, kusa da ƙauyen Luss. Mai gidan tsohuwa ce da mijinta ya rasu, ta ware ɗakuna uku tana saukar da baƙi, kwana da karin kumallo. Tagar ɗakina na kallon ruwan, daga ƙetare kuma dutsen Ben Lomond ne, mai tsayin mita 974, kansa a cikin gajimare. Watan Yuni ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, na zauna a bakin tagar da alwalata ina jiran magariba har na fara gyangyaɗi. Tun isowata ta tambaye ni abin da ba na ci, ta nuna mini inda alƙibla take, domin Musulmi sun sha sauka a wurinta. Da safe ta kawo wani kunu mai kauri na hatsin ƙasarsu, da ƙwai da bandar kifi, ta kuma ajiye mini wani babban littafi da baƙi ke rubuta suna da garinsu. Na juya shafuka na ga mutanen Japan da Jamus da Indiya, na rubuta Dawanau a ƙarƙashinsu.

Lok Lomond shi ne tafki mafi faɗi a tsibirin Birtaniya, amma faɗin nasa murabba'in kilomita 71 ne, wato bai kai rabin Tiga ba. Ya fi namu zurfi nesa ba kusa ba, kuma ba hannun mutum ya yi shi ba, ga duwatsu da tsibirai sun ƙawata shi. Duk da haka, da na zauna a rumfar dattijon Tiga ina kallon hazo a kan ruwa, ban ga abin da idona ya rasa ba. Bambancin da na gani shi ne, can kusan kowane ƙauye na bakin ruwa yana da gidaje irin na tsohuwar nan, mutane kuma sun saba zuwa.

Akwai wata magana da muka yi da ita wadda ta dawo mini a daren farko a Tiga. Ranar da zan tafi, da ta miƙo mini takardar kuɗi, na ji mata kunya a raina. Mace ta dafa maka abinci a madafinta, ta yi hira da kai kamar ɗanta, sannan ta rubuta maka lissafi. Cikin raha na ba ta labarin wani ɗan ƙasarsu, Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a watan Janairu na 1824 aka ba shi masauki, ya wuce Sakkwato inda Waziri Gidado ya kula da shi a matsayin baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa bayan shekaru ya rasu a can a Afrilu na 1827. Na ce mata mu a ƙasarmu baƙo ba ya biyan kwana. Ta yi dariya ta ɗaga hannu ta nuna rufin gidan. Ta ce ruwan sama da iskar hunturu ba sa barin rufin nan ya huta, baƙi ne ke biyan gyaransa, kuma ba don su ba da tuni ta sayar da gidan ta koma birni kusa da 'yarta. Na ji maganar, amma ban auna ta ba, na taho da alfaharina.

Washegari a Tiga, bayan mun karya da koko da ƙosai, dattijon ya zo ya zauna kusa da ni. Ya miƙa sandarsa ya nuna wani wuri a tsakiyar ruwa inda ni ban ga komai ba. Ya ce nan garinsu yake. Yana saurayi aka zo aka ce su tashi, ruwa na tafe. Aka ba su wani wuri a tudu da ɗan abin da aka kira diyya, suka kwashe azara da ƙyauren ƙofa suka bar sauran. Shi ya shiga aikin lebura a madatsar, daga baya aka ɗauke shi mai buɗe ƙofar ruwa a magudana, har ya yi ritaya. Da kuɗin sallama ya gina ɗakunan nan. Masu zuwa su ne fataken kifi, da ɗaliban aikin gona masu bincike, jefi-jefi ango da amarya, wani lokaci kuma wanda ya tashi daga doguwar jinya likita ya ce ya huta. Akwai watan da ba ya ganin kowa. 'Ya'yansa sun fi so ya sayar.

Na ce, "Baba, ba ka jin haushin ruwan nan?"

Ya ce, "Na ji, shekara da shekaru. Ya ci gonar mahaifina da kabarin kakana. Amma kuma da shi na aurar da 'ya'yana duka. Yanzu mun saba, kamar kishiyoyin da suka tsufa tare."

Daga nan kallon ruwan ya sauya mini. Abin da ni baƙo nake gani a matsayin kyau, wasu sun biya shi da gidajensu. Dubban mutane aka tasa kafin Tiga ta cika, kuma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, manoma da masunta da makiyaya sun daɗe suna kukan ambaliyar da suka saba noma da kamun kifi da ita ta ragu tun da aka datse kogin. Haka ma tsaunukan arewacin Sukotland da ake sha'awar shirunsu: a ƙarni na 18 da na 19 masu ƙasa sun kori talakawa daga ƙauyuka da yawa don su saki tumaki, wasu suka gangara bakin teku, wasu suka hau jirgi zuwa Kanada da Amurka. Wanda ya sauka a babban otal yana iya kwana uku ya tafi bai ji wannan ba. A ƙaramin gida kuwa, mai labarin ne da kansa yake kawo maka koko.

Da yamma na kasa haƙuri na yi masa tambayar da ke cina. Na ce, "Baba, ka gafarce ni, ba ka jin nauyin karɓar kuɗi a hannun baƙo? Mahaifina ya yi shekara talatin yana saukar da mutane, ban taɓa ganin ya karɓi ko kwabo ba."

Ya ce, "Mece ce sana'arsa?"

"Fatoma ne a kasuwar Dawanau."

Ya yi murmushi ya ce, "Allah Ya jiƙansa. To Malam, tuwon da baƙin ke ci, wa ke biya?"

Na buɗe baki na rufe. Matasan yanzu da yawa ba su san fatoma ba, don haka bari in ɗan yi bayani. Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Baƙo ya zo da kayansa garin da bai san kowa ba, sai ya sauka a wurinsa. Shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya nemo masa mai saye ta hannun dillalansa, ya tsaya masa in an ɗauki kayan bashi, ya raka shi wurin hukuma in rigima ta taso. In an yi ciniki sai a cire masa la'ada. Da wannan tsari kakanninmu suka yi fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja, suna sauka a Salaga da sauran zangon da ke hanya, da shi kuma Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro. Baba ya gaji wannan sana'a ce ya kawo ta sabuwar kasuwa. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Gaidam da Dawakin Kudu duk sun kwana a ɗakunan nan, Inna kuma ba ta taɓa sauke tukunyar da ta gaza ta mutum ashirin ba. Ina yaro tuwon nake gani ana fita da shi, ban taɓa ganin lissafin la'adar da ake cirewa a kan kowane buhu ba. Ashe baƙin Baba suna biyan kwanansu, sai dai ba a bakin ƙofar ɗaki ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, wanda sai a daren nan na yarda na dube shi. Tun da wayar hannu da tura kuɗi ta banki suka zo, manyan fatake suka daina biyo kayansu. Mutum yana Maraɗi zai yi ciniki da na Legas, direba kawai za a gani. La'ada ta yi ta raguwa, amma Baba bai rufe zaure ba, duk wanda dare ya yi wa yana samun tabarma da tuwo. A shekarunsa na ƙarshe, daga aljihun wa hatsin ke fita? Ni ina birni ina koyarwa, ina zuwa ranar Juma'a in zauna a zaure in ji daɗin ana cewa gidanmu gidan baƙi ne. Ƙanena shi ne a kasuwa tare da Baba, shi ke auno masara, shi ke biyan mai gyaran azara duk damina. Da ya ce a rushe, na ɗauka son kuɗi ne. Ashe ya gaji da ɗaukar kayan da ni nake karɓar yabonsa.

A zamanin Audu Bako an yi tunanin masu zuwa hutu, an gina otal a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutse a Tiga. Na Bagauda yanzu shi ne reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Jihar Kano kuma tana da manyan ruwaye da yawa: ga Watari a Bagwai, ga Tomas a ƙasar Dambatta, ga Challawa a Karaye wadda aka kammala a 1992. Amma malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci da ke son ya kai iyalinsa su kwana biyu a bakin ɗaya daga cikinsu, zai sha wuya kafin ya sami ɗaki mai tsabta da kuɗinsa zai iya. Mun saba jiran gwamnati ta gina babban abu ta sa masa suna. Abin da na gani a Luss da Tiga ya nuna mini cewa ɗakuna uku ko huɗu sun isa, muddin mai su yana kwana a gidan, kuma ba ya jin kunyar faɗin kuɗinsa. Mu ma da muke zuwa, sai mun daina ganin biyan kuɗin kwana a gidan mutum kamar cin fuska ne a gare shi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka ne, amma tabarmar ma saye ake yi.

A darena na ƙarshe, bayan isha, na ji sallama a waje. Wani mutum ne da matarsa da jariri, babur ya lalace musu a hanya, garinsu kuma da nisa. Dattijon ya ɗauko makulli ya buɗe musu ɗakin ƙarshe, wanda tun zuwana yake a rufe, ya leƙa cikin gida ya ce a ɗumama tuwo. Da safe na ga mutumin yana laluben aljihu, dattijon ya riƙe masa hannu ya ce ya je ya gyara babur. Bayan sun tafi ya lura ina kallonsa. Ya ce, "Wancan ɗakin ba na haya ba ne. Ukun nan ke ciyar da shi. Kuɗin da ka biya ranar Alhamis, da shi suka ci tuwo jiya."

Na dawo Dawanau ranar Lahadi na sami ƙanena a ƙofar gida yana lissafin buhunan riɗi. Na fara da ba shi haƙuri, na gaya masa na gane wanda ya riƙe zauren nan shekarun da na ɗauka yana riƙe da kansa. Sannan na kawo shawarata. A gina sito a filin baya, inda turken jakuna da tsohon rumbu suke, kuɗin hayarsa ya shiga rabon magada. Zaure ya tsaya. Ɗakuna biyu a gyara su, a sa katifa da gidan sauro da makewayi mai kyau, a rubuta kuɗin kwana a manna a ƙofa, domin kasuwar nan cike take da direbobi da ƙananan fatake da ke kwana a kan benci da ƙarƙashin mota. Na uku a bar shi yadda Baba ya bar shi, don wanda dare ya yi wa.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Yaya, lissafin bai kai na rushewa ba, amma ba shi ne damuwata ba. Wa zai zauna? Baƙo ba gini yake nema ba, mutum yake nema. Ni na yi nawa."

Na ce ni zan zauna. Zan dawo da iyalina gida, in riƙa shiga birni aiki ina dawowa, tafiyar ba ta da nisa. Ya dube ni irin kallon da maiɗakina ta yi mini ranar da na ce za ni kallon ruwa. Ita ma da na gaya mata ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai tambaya ko tukunyar mutum ashirin ɗin ita za ta gada. Ƙannenmu mata suna da haƙƙi a ginin kuma suna da bakin magana, ɗaya tana bayana, ɗaya tana bayansa. Maganar yanzu tana gaban kawunmu, ya ce a bari a gama kakar riɗi.

Ba mu da tafki a Dawanau da zan nuna wa baƙo ta taga. Amma in ka hau soron zauren a watan Agusta ka dubi arewa, za ka ga gero ya rufe ƙasa har inda ido ya tsaya, iska na kaɗa shi, ɗorawa na tsaye a ciki ɗaya-ɗaya. Kowace shekara fulotai da sito suna ƙara cin gefensa, ban san ko jikokina za su gan shi ba. Makon jiya wani tsohon direba daga Maraɗi, wanda bai ji rasuwar Baba da wuri ba, ya zo ta'aziyya dare ya yi masa. Ƙanena da kansa ya shiga ya ɗauko makullin ɗakin ƙarshe, bai ce da ni komai ba, ni ma ban ce ba. Da safe na kawo wa baƙon wani sabon littafi mai layi da na saya a Sabon Gari, na roƙe shi ya rubuta sunansa da garinsa. Ya ce bai iya boko ba, ya rubuta da ajami.

Allah Ya jiƙan Baba da sauran magabatanmu, Ya sa mu iya riƙe abin da suka bari.